Daɓen da Na Fasa Saboda Injin Shara

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya cikin abubuwan da na aikata a mayar da shi kamar ba a yi ba, ba zan zaɓi gonar da na sayar ina saurayi ba, ba kuma zan zaɓi baƙar maganar da na taɓa gaya wa ƙanena a gaban mutane ba, ko da yake duka biyun suna cina har yau. Daɓen ɗakin mai ɗakina zan zaɓa. Na sa an fasa shi bayan ta yi tafiya, don kawai wani injin shara ya ji daɗin yawo. Ban san idonta ya riga ya yi nisa ba, ban san da tafin ƙafarta take ganin ɗakin nan ba. Shekara arba'in da ɗoriya muna gida ɗaya, amma sai da na yi ɓarna sannan na sani.

Ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Minjibir da Zakirai, inda gona take manne da gona, ba ka samun fili ko na shimfiɗa buzu wanda ba shi da mai shi. Karatuna na allo ne, sai ajin yaƙi da jahilci da na shiga da gemuna. Amma Allah ya yi ni da son sanin cikin abu. Rediyon farko da na mallaka kwana uku ya yi a hannuna na kwance shi don in ga ta inda maganar take fitowa, bai sake magana ba. In aka kawo sabon iri, sai na shuka kunya biyu kusa da tsohon iri, in riƙa zuwa safe da yamma ina duba wanda ya riga tsira. Wannan halin ya amfane ni a gona. A cikin gida kuwa ga abin da ya jawo.

Ɗanmu na biyu yana da shago a birni, yana sayar da kayan wuta na gwanjo, irin waɗanda ake kawowa daga ƙasashen waje. Shi ya sa mana sola a kan rufi, muka samu fitila da fanka da wurin cajin waya. Wata Juma'a bayan an gama kaka sai ga shi da kwali a ɗaure a bayan babur. Bayan ya gaishe mu ya ce, "Baba, na kawo wa Inna mai taya ta shara."

Uwarsa tana zaune a bakin ƙofarta. Ta ce, "Wa ka ɗauko mini? Ni na ce maka ina neman 'yar aiki?"

Ya yi dariya ya buɗe kwalin. Abin baƙi ne, zagayayye kamar faifai, kaurinsa bai wuce yatsa huɗu ba. Ya kifa shi ya nuna mini cikinsa: ƙafafun roba guda biyu, wani burushi mai juyawa a tsakiya, sai wani ɗan gashi mai reshe uku a gefe kamar gashin bakin kyanwa. Akwai kuma wani ɗan akwati da ake jonawa a wuta a jingine da bango, ya ce nan ne gidansa, in ya ji yunwa da kansa zai koma ya ci.

Na ce, "Da kansa?"

Ya ce, "Da kansa, Baba. Ba ruwansa da kowa."

Ya miƙa wa uwarsa. Ta ɗora shi a cinya ta shafa shi tun daga baki har gindi, ta zagaye gefensa da yatsa, ta taɓa ɗan gashin nan, ta daɗe tana yi. A lokacin na ɗauka ita ma son sani ne ya kama ta. Can ta ce, "Wannan ai kunkuru ne." Sunan da ya bi shi ke nan a gidanmu har yau.

A ɗakina aka fara gwada shi, domin nawa ɗakin da siminti. Yaron ya danna masa kai, wata mace ta yi magana daga cikinsa da yaren da ba mu ji, sai ya fito daga gidansa yana ƙugi a hankali, ɗan gashin yana juyi. Yaron ya koma birni da la'asar, ni kuwa daga ranar na samu aikin rani.

Gwaji na fara yi masa irin na iri. Na watsa gero tafi guda a tsakar ɗaki, ya bi ya kwashe, sai 'yan ƙwayoyin da gashin ya fantsamar ƙarƙashin akwati. Na zuba dawa, ya kwashe, amma yana yi yana ƙara kamar ana suyar gugguru. Toka ya share ta tas. Ɓawon gyaɗa ƙanana ya haɗiye, manya kuwa ya riƙa tura su gaba kamar buzuzu da kashin shanu. Na lura ba ya iya shiga kusurwa, domin shi zagayayye ne, ɗaki kuwa mai lungu huɗu, sai ya bar ɗan datti a kowane lungu kamar zakka. Ya haɗiye igiyar cajin wayata sau biyu. Ya taɓa shaƙewa da tasbahata, ya tsaya yana kiran taimako da yarensa har na dawo daga masallaci. Akwai wata baƙar darduma da nake da ita, duk sanda ya zo bakinta sai ya ja da baya kamar jaki ya ga gada. Na kira yaron a waya, ya ce ai yana da ƙananan idanu a ƙarƙashinsa don kada ya faɗa daga bene, baƙin abu a wurinsa rami ne. Na ce to mu da ba mu da bene fa? Ya ce shi bai san haka ba.

Wata rana na kai shi tsakar gida. Bai yi taku goma ba cikinsa ya cika da yashi, ƙafafunsa suka nutse suna juyi a wuri ɗaya. Kafin in kai gare shi zakaranmu ya taso ya kai masa sara uku. Ranar mai ɗakina ta yi dariya har da hawaye, ta ce ko ba ta gani da kyau daga inda take ta ji yadda aka yi. Ban kula da rabin farko na maganar ba, ina can ina kakkaɓe yashi.

Cikin nasa da yake tara datti bai fi gwangwanin madara biyu ba. Da na gaya mata sai ta ce, "To Malam, in da wannan za mu dogara, shekara nawa za a yi kafin juji ya cika mangala ɗaya?" Gaskiya ta faɗa. Mu nan shara ba abin yarwa ba ce. Abin da aka share a ɗaki da tsakar gida da turke juji yake zuwa, ya ruɓe da toka da kashin awaki, kafin damina jaki ya kai shi gona. Ƙwayar hatsin da ta zube kuwa tana tsince ta ta watsa wa kaji. Sai na riƙa juye cikin kunkuru a gaban kaji, su tone abin da za su tone, sauran in zuba a juji.

Amma duk wannan ba shi ya ɗauke mini hankali ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne yadda yake koyon ɗaki. Ranar farko karo ya riƙa yi da komai: ya bugi ƙafar gado, ya ja da baya, ya juya, ya bugi akwati. Kwana na uku sai na ga ya fara bin gefen bango ya zagaye, sannan ya shiga tsakiya yana zuwa yana dawowa, layi kusa da layi, kamar shanun huɗa a hannun gwani. Kafin ya kai ƙafar gado sai ya rage gudu, kamar ya san tana nan. Sai na fara tsokanarsa. In gusar da kujera daga inda take, in zauna a kan gado in naɗe ƙafa ina kallo. Ya zo inda kujerar take a da ya yi ɗan jim, ya wuce, can ya je ya yi karo da ita a sabon wurinta, ya tsaya kamar mai tunani. Ni kuwa in ta tafi ni kaɗai.

Da yamma a gindin darbejiyar ƙofar gida nake ba wa tsarana labari. Cikinsu har da taubashina, ɗan gwaggona, wanda magini ne, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Na ce musu, "Abu ba shi da ido irin namu, amma ya haddace ɗaki kamar Fatiha."

Taubashin ya ce, "Ranka ya daɗe, sarkin bincike. Mutane suna kiwon shanu, kai kana kiwon faifai. Yaushe zai haihu a ba ni ɗa ɗaya?"

Na ce, "Bawa ba ya gadon ubangijinsa."

Ya ce, "Ka dai bari kar ka kwance shi yadda ka yi wa rediyo."

To amma kunkurun nan ba don ni aka kawo shi ba, don ita aka kawo. Ɗakinta kuwa ya gagare shi.

Wanda bai san daɓe ba bari in gaya masa. Kafin siminti ya zama ruwan dare, mata ne suke yi wa ɗaki ƙasa. A zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa a jere kowace da madaɓi, wato ɗan katako mai faɗin kai, su yi ta duka suna waƙa har ƙasar ta kwanta. Sannan a jiƙa ɓawon ɗorawa, ruwansa shi ne makuba, a riƙa shafawa har wurin ya yi ja-baƙi yana sheƙi. Na ɗakinta ƙawayenta da gwaggonninta ne suka yi mata lokacin da za ta tare. A bakin ƙofa daga ciki yayarta ta jera tsingaron tukunya layi guda don ado. Yayar ta rasu, yawancin masu dukan ma sun rasu. Mun canja rufin ɗakin daga azara zuwa kwano, mun yi wa bango yaɓen siminti, amma ƙasan ta hana a taɓa. Duk bayan 'yan shekaru takan nemo makuba ta sake shafawa.

Shekara arba'in ta bar alamarta a daɓen. Akwai gurbi inda randa take zama. Akwai ɗan kwari a gaban gado inda ƙafa take sauka kowace safiya. Akwai wani tudu siriri da ya ratsa tsakiya, inda aka taɓa toshe hanyar gara. Ta gabas inda take sallah wurin ya yi santsi kamar bayan ƙwarya. Ga kuma dokin ƙofa mai tsayin taƙi guda, wanda aka yi don ruwan damina.

Kunkuru ba ya hawa dokin ƙofa, sai na ɗauke shi na tsallakar. In ya shiga, gezar tabarma ta naɗe masa burushi. In na naɗe tabarmar, ya je ya maƙale a kan tudun gara, ƙafa ɗaya a sama tana juyi. In ya tsira daga nan, ya gangara gefen gurbin randa ya kasa fitowa, matar da ke cikinsa ta fara magiya. Sai in ji murya daga ɗaki: "Malam, zo ka ɗauki kunkurunka, ya sake faɗawa rijiya."

Ita kuwa ba ta fasa shararta ba. Kowace safiya bayan ta idar da lazimi sai ta ɗauki guntuwar tsintsiyarta ta sunkuya, hannu ɗaya yana shara, ɗaya yana bin ƙasa da ƙafafun gado da gindin kwanuka. Nakan tsaya a ƙofa in ga tana miƙewa da ƙyar tana dafe ƙugu. Sai na ce wa raina tausayinta nake ji. Akwai tausayin, ba na musu. Amma yanzu da nake rubutu ba zan yi wa kaina ƙarya ba: abin da ya fi cina shi ne ina so in ga kunkurun nan ya gama ɗakin tas ko sau ɗaya.

Na ce mata, "Innar yara, me zai hana a yi wa ɗakin nan tayil? Ki huta da sunkuyo."

Ta ce, "Ka bar mini ɗakina yadda yake."

"Kowa ya yi. Har matar liman an yi mata."

"Allah ya sa ta ji daɗinsa. Ni nawa da zafi yana da sanyi, da sanyi ba ya cin ƙafa. Ka bar shi, Malam."

Ban tambaye ta komai bayan wannan ba. Ni da nake kiran birni a waya don in ji dalilin da ya sa inji yake tsoron baƙar darduma, ban tambayi matata dalilin da ya sa take riƙe da tsohon daɓe ba. Na ce rikicin tsufa ne, in ta ga sabo za ta so shi.

Ana nan sai 'yarmu da ke aure wajen Zakirai ta haihu, aka ce uwar ta je ta yi mako biyu. Ƙanwarta ce ta zo ɗaukarta, na ga ta riƙe mata hannu tun daga ƙofar ɗaki har bakin mota, na ce kai, zumuncin 'yan gidan nan sai su. Motar ba ta gama ɓacewa ba na aika aka kira mini taubashina.

Ya shiga ɗakin ya cire takalmi, ya buga daɓen da diddige. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mai ɗakin ta sani?"

Na ce, "So nake ta dawo ta tarar."

Ya ce, "Yau ba wasa nake maka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Irin wannan daɓen yanzu ko da kuɗinka ba ka samun mai yi."

Na ce, "In ba za ka iya ba in kira yaran zamani."

Ya dube ni ya girgiza kai, ya fita ya ɗauko diga. Saran farko digar ta yi tsalle ta dawo, kamar ya sari dutse. Kwana biyu aka yi ana fasa abin da nake cewa ƙasa ce kawai. Da ya ɓalle wani yanki ya miƙo mini, na ga hawa-hawa a jikinsa, kowace shafar makuba da layinta, wani ƙanshi mai ɗaci yana tashi. Har na ɗan tsaya ina juya shi a hannu ina mamaki, sannan na jefa shi cikin baro. Tsingaron yayarta ma baro suka bi. Aka sassare dokin ƙofa aka daidaita shi da ƙasa. Aka shimfiɗa farin tayil mai sheƙi.

Ban tsaya nan ba. Na sa maƙeri ya yi wa randa ƙafar ƙarfe don kunkuru ya wuce ta ƙarƙashi, na mayar da ita wancan bangon. Na juya gado. Kwanukan da ke ƙasa na ɗora su a kan kanta. Tabarma mai geza na ba wa matar ɗanmu na fari, wadda suke zaune a sashen baya. Na kawo gidan kunkuru na jona a ɗakin, na danna masa kai, na zauna a ƙofa. Ba zan ɓoye ba, ya yi aiki. Ya shiga ƙarƙashin gado, ya wuce ƙarƙashin randa, ya yi huɗarsa layi-layi, ya koma gidansa da kansa, matar cikinsa ta yi wata magana da na ɗauka godiya ce. Na shafa tayil da tafin hannu ban ji ko ƙwayar yashi ba. Na kwana da farin ciki irin na wanda ya ci gasa.

Ta dawo da la'asar ranar wata Lahadi. Bayan an gama barka da sannu da hanya, ƙanwarta ta juya, na ce, "Zo ki ga wani abu." Na wuce gaba. Ta zo bakin ƙofa ta cire takalmi kamar yadda ta saba, ta ɗaga ƙafa sama don ta tsallake dokin ƙofar da babu shi. Ƙafar ta sauka a wofi, ta yi taga-taga ta dafe bango. Ta tsaya. Na ga yatsun ƙafarta suna motsi a kan tayil, suna lalube, ta gusa ƙafar dama gaba kaɗan ta dawo da ita.

Ta ce, "Malam, ɗakin wa ka kawo ni?"

Na yi dariya na ce, "Naki mana. Kin ga yadda ya yi haske?"

Can ta ce, "Ina randata?"

Randar tana gabanta, bai fi taku uku ba, rana tana dukanta ta taga. Na nuna da hannu na ce ga ta nan. Ba ta bi hannuna da ido ba. Ta ce, "To." Ta bi bango da hannu har ta samu gado ta zauna. Ko a nan ban gane ba. Na ɗauka fushi ne, na ce gobe zai wuce.

Washegari da hantsi ina turke ina ba wa tumaki harawa sai na ji ƙarar ƙarfe da fashewar abu, sannan salati. Na tarar da ita a ƙasa cikin ruwa. Ta tashi ɗiban ruwa ne ta nufi inda randa take shekara arba'in, ba ta same ta ba, ta juyo tana lalube ta ci karo da ƙafar ƙarfen, randar ta kife, santsin tayil ya kwashe ta. Wuyan hannunta na dama ya karye. Kunkuru yana lungu a gidansa, 'yar fitilarsa tana ƙiftawa.

Bayan mai ɗori ya gama ya tafi, aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar rumbu, domin ta ce ba za ta koma ɗakin ba. Na zauna kusa da ita. Na ɗaga yatsu a gaban fuskarta ban ce komai ba, ba ta ƙifta ba.

Na ce, "Innar yara, tun yaushe?"

Ta ce, "Na hagu damina uku ke nan. Na dama bara ya fara. Ina ganin haske da inuwar mutum. In ka yi sallama na san kai ne."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Don kada a zaunar da ni. A ce Inna zauna, Inna kawo in yi miki, Inna kar ki tashi. Ka ga yadda aka yi wa gwaggonka, tana da ƙarfinta aka mayar da ita kayan ɗaki." Ta gyara hannun a kan cinya. "A ɗakina ba na bukatar ido. In na sauko daga gado ƙafata tana faɗawa kwarin nan, na san gabas tana hannun dama. Taku biyu in ji tudun gara, in na tsallake shi randa tana hagu. In na ji tsingaron Yaya na san ƙofa ce, in ɗaga ƙafa. Sharar da kake cewa in huta da ita, da ita nake duba ɗakin kowace safiya. In jika ya gusar da kwano, hannuna zai gaya mini kafin ƙafata ta same shi."

Sai a lokacin abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya: ta bar ɗinkin hula, ta bar tsintar shinkafa ta ce bayanta ke ciwo, faɗan da take yi in an taɓa mata kaya, yadda ta shafa kunkuru ranar da aka kawo shi.

Ta ce, "Ina jin ka, Malam, kana tafa wa kunkurunka don ya haddace ɗaki ba ido. Har majalisa ka kai labarinsa. Ni damina uku ina yi a gabanka."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi.

Abin da ta guje wa shi ya same ta. Wata biyu tana zaune, matar ɗanmu tana kai ta tana kawo ta, ana cewa Inna kar ki tashi. Ta rage magana, ta rage cin abinci. Yaron birni ya zo yana kuka yana cewa laifinsa ne, na ce masa kai kyauta ka kawo, ni na ɗauko diga. Da hannun ya warke ya kai ta asibitin ido a birni. Suka ce na dama yanar ido ce, suka cire, ta samu gani daidai gwargwado, tana gane fuska in an matso. Na hagu suka ce an makara. Likitan ya ce da an zo da wuri da wataƙila an ceto wani abu. Wannan ma ina ɗauke da shi, domin mai ido biyu a gidan ni ne.

Na je wa taubashina da kaina, ban aika ba. Na ce ya zo ya cire tayil. Na jira ya yi mini tsiya, bai yi ba, sai ya ce, "Ɓawon ɗorawa za ka fara nema, ranka ya daɗe, itatuwan sun yi ƙaranci." Sai da na zagaya ƙauye uku kafin in tara buhu guda. Matan da suka iya daɓe a unguwarmu huɗu suka rage, ɗaya ma sai a zaune ta yi. Madaɓi biyu aka samu, ɗaya a ƙarƙashin rumbun wata tsohuwa, sauran masassaƙi ya sassaƙa. Matan samari suka zo kallo suna dariya, kafin azahar su ma sun karɓi madaɓi suna duka. Ni namiji ba na shiga, ina zaure ina jin ƙasa tana amsawa.

Kafin daɓen ya bushe mai ɗakina ta ce a shigar da ita. Matar ɗanmu ce ta ba ni labari: ta tsaya a inda gado zai zauna ta murza diddige har ya yi kwari, ta sa aka zaunar da sabuwar randa aka juya ta har ta yi gurbi, ta karɓi tsingaron tsohuwar randar da ta fashe ta jera su da hannunta tun daga gado har ƙofa. Taubashina ya mayar da dokin ƙofa.

Yanzu tana shiga tana fita ba mai riƙe ta, ta kuma karɓi tsintsiyarta. Ranar da ta fara kwana a ciki na tambaye ta ko ya yi kamar na da. Ta ce, "A'a. Wancan shi yake gaya mini inda nake. Wannan ni na gaya masa." Ta ƙara da cewa, "Amma zan koye shi. In kunkuru ya iya, ai ba zai fi ni ba."

Kunkurun yana ɗakina. Mutane sukan tambaye ni ko yana aiki, ko su saya. Nakan ce a kan siminti mai kyau ko tayil, in babu geza babu igiya, yana aiki fiye da yadda za ka zata, sai dai ka bi lunguna da tsintsiya, ka kuma riƙa juye cikinsa kullum. A yashi ba shi da amfani, a tsohon ɗaki wahala ce. Har gobe nakan zauna in kalle shi, ban kuma daina mamakin yadda yake sanin hanya ba. Kujera dai na daina gusar masa.

Roƙona ga wanda ya karanta wannan, musamman masu ɗauko wa iyaye kayan zamani da mazan da suke jin sun san gidansu: in tsohuwa ta ce a bar mata abu yadda yake, kada ku ɗauko diga. Ku zauna ku tambaye ta dalili, in ba ta faɗa ba ku sake tambaya gobe, ku kuma duba abin da hannunta da ƙafarta suke yi. Ni na yi nawa, don Allah kada a maimaita.